Yadda za ka haɗa tim ɗin fantasi na besbol kuma ka riƙe shi har ƙarshen kaka

Tambayar da wani ƙanina ya turo min ita ce, abokansa da suka yi makaranta tare, waɗanda yanzu wasunsu ke Amurka, sun jawo shi cikin lig ɗinsu na fantasi na besbol a Yahoo, su 12 ne, shi kuma FPL kaɗai ya iya, wato fantasi na ƙwallon Premier League, ga ranar zaɓen 'yan wasa ta matso, yana so ya san wa zai ɗauka da kuma yadda zai yi kada ya ƙare a can ƙasan tebur.

To ƙanina, ka fara ajiye FPL a gefe tukuna. A FPL kowa na iya saka Haaland a tim ɗinsa, mutum miliyan ma su saka shi lokaci guda ba matsala, a nan kuwa kowane ɗan wasa mutum ɗaya ne ke da shi a lig ɗin, in wani ya riga ka ɗaukar Aaron Judge, babban mai bugu na Yankees, shikenan sai dai ka bi shi da kallo ko ka roƙi musaya. Sannan FPL zagaye 38 ne, ka saita tim ranar Juma'a ka tafi harkarka, amma MLB, babban lig ɗin besbol na Amurka, ƙungiya 30 ce kowacce tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Abin kamar noman rani yake, shukar ta rana ɗaya ce, ban ruwan ne na kullum, kuma a wajen ban ruwan mutane ke gajiya. Mafi yawan waɗanda ke cin lig mutane ne da 'yan wasansu suka fi na kowa samun damar shiga fili, kuma ba sa barin gurbi ya kwana ba kowa a ciki. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Kafin ka duba sunan ɗan wasa ko ɗaya, buɗe shafin dokokin lig ɗinku ka karanta shi tas, don fantasi na besbol ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira roto, shi ne na asali, wani ɗan jarida Daniel Okrent da abokansa suka fara shi a 1980 a New York, sunan ma daga gidan abincin da suke haɗuwa ya fito, La Rotisserie Française. A roto ana tara alƙaluma tun farkon kaka har ƙarshe a fanni goma, biyar na masu bugu, biyar na masu jifa. Na masu bugu su ne R wato ron, sau nawa ɗan wasanka ya zagayo gida ya ci, HR wato hom ron, bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katangar fili, RBI wato mutum nawa ya shigo da su gida da bugunsa, SB wato satar bes, bes su ne tashoshin da ɗan wasa ke bi kafin ya dawo gida, satar kuma ya ruga na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, sai AVG wato kashi nawa na bugunsa ke zama nasara. Na masu jifa kuma W nasarar wasa, K fitar da mai bugu da jifa, SV wato sef, na wanda ya shigo ƙarshe ya rufe wasa ya tsare nasara, sai ERA da WHIP da zan yi bayaninsu a gaba. A lig na mutum 12 wanda ya fi kowa a fanni yana da maki 12, na ƙarshe 1, kaga kenan in ka zo na uku a kowane fanni kana da maki 100 cikin 120, kuma sau da yawa wannan ya isa ka ɗauki kofi ba tare da ka zama na ɗaya a komai ba. Akwai kuma na karo da juna, kowane sati kai da mutum ɗaya, wanda ya fi cin fannoni ya yi nasara, sati mai zuwa a share a sake sabon lale. Sai na maki zalla, wanda shi ya fi kama da FPL. Bambancin na da muhimmanci sosai, a na karo da juna kana iya watsar da fanni guda gaba ɗaya, ka ce ni ba ruwana da sef, ka ƙarfafa sauran tara, kuma ka ci, amma a roto in ka yi haka ka yarda da maki 1 a wurin da kake iya samun 8 ko 9, ramin da wuyar cikewa. Ka duba kuma ko kullum ake canja jeri ko sati-sati, gurbin masu rauni nawa aka ba ku, da ko akwai iyakar inin da masu jifanka za su yi, inin shi ne zango na wasa, tara ake yi a wasa guda.

Wani abu da Yahoo ke yi wanda ke rikita sabbi, Shohei Ohtani mutum biyu ne a wajensu, akwai Ohtani mai bugu akwai Ohtani mai jifa, kowanne daban ake ɗaukarsa. Ka tabbatar wanda ka danna. Mai bugun shi ne wanda ya yi hom ron 54 da satar bes 59 a 2024.

Yanzu diraf, wato zaɓen 'yan wasa. Yawanci jerin maciji ake yi, wanda ya zaɓa na ƙarshe a zagayen farko shi ke farawa a na biyu, don haka kada ka damu da lambar da ta faɗo maka. Ra'ayina a nan ba ya rawa, zagaye biyu zuwa uku na farko masu bugu nake ɗauka, irin waɗanda ke ba ka wani abu a duk fannoni biyar ɗin ko aƙalla huɗu. Dalilin gwiwar hannu ce. Mai jifa na wurga ƙwallo da gudun da ya kusa mil 100 a awa, sau casa'in ko ɗari a wasa ɗaya, jijiyar gwiwar hannu ba ta jure wannan har abada. Spencer Strider na Atlanta ya yi K 281 da nasara 20 a 2023, kowa ya ɗauke shi da wuri a 2024, wasa biyu kacal ya yi aka shiga da shi tiyata. Shane Bieber ma wasa biyu a wannan shekarar. Gerrit Cole na Yankees bai jefa ko ƙwallo ɗaya a kakar 2025 ba. Ban ce masu bugu ba sa rauni ba fa, Ronald Acuña Jr. da ya yi hom ron 41 da satar bes 73 a 2023 shi ne zaɓin farko a kusan ko'ina a 2024, ƙarshen Mayu jijiyar gwiwarsa ta tsinke kakar ta ƙare masa. Amma in ka auna, haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren masu jifa, kuma kowace shekara sai an samu masu jifa nagari da suka fito daga tsakiyar diraf ko ma ba wanda ya ɗauke su, irin su Judge kuwa ba a tsintarsu a hanya. Ka ɗauki babban mai jifa guda tsakanin zagaye na uku da na biyar ya zama ginshiƙi, sauran ka tara su da yawa a tsakiya.

In kana auna mai jifa, kada ka kalli yawan nasararsa, wallahi wannan lambar tana yaudarar mutane. Jacob deGrom ya gama 2018 da ERA 1.70, ya fi kowa a duniya, amma nasara 10 kawai ya samu da rashin nasara 9, saboda abokan wasansa a Mets ba sa ci masa. Paul Skenes na Pittsburgh haka ya sha a 2025, ERA 1.97, nasara 10 rashin nasara 10. Nasara ta dogara da mutanen da ba shi ba. Abin da ke hannunsa shi ne mutum nawa yake fitarwa da K da kuma mutum nawa yake ba bes kyauta saboda jifansa ya kauce, in na farkon na da yawa na biyun kaɗan ne to ka samu mutum, sauran lambobin za su biyo baya ko ba jima ko ba daɗe. ERA lissafinsa sauƙi ne, ron ɗin da aka ci shi da laifinsa sau tara a raba da inin ɗin da ya yi. WHIP kuma a haɗa bugun da aka yi masa da bes ɗin kyauta a raba da inin, Okrent ɗin nan ne ma ya ƙirƙiro shi. Duka biyun ƙasa ake so su yi.

Wajen masu bugu abin da na fi so ka riƙe shi ne matsayin mutum a jerin bugu na ƙungiyarsa. Wanda ke buɗe jeri yana samun damar bugu sama da sau ɗari fiye da na tara a kaka guda, kuma fannoni huɗu cikin biyar na tarawa ne, wanda ya fi tsayawa gaban mai jifa shi zai fi tarawa, magana ta ƙare. Ɗan wasa matsakaici da ke bugu na biyu kullum a ƙungiya mai ci ya fi min haziƙin da ke na takwas, ko wanda koci ke ajiyewa a benci duk ranar da bahago zai yi jifa. Irin waɗannan na rabon wasa suna da yawa, lambobinsu na da kyau a ido amma sati zai wuce wasa huɗu kawai suka buga maka.

Sai daidaita fannoni, nan ne ake gane wanda ya fahimci wasan. Kalli mutum biyu a 2023, Luis Arraez ya yi AVG .354 amma hom ron 10 kawai, Kyle Schwarber ya yi hom ron 47 amma AVG .197. Kowannensu shi kaɗai yana gyara maka wuri ya ɓata wani, in ka ɗauki Schwarber to ka sani sai ka nemo mai ɗaga AVG ya rufa masa, in kuma ka tara irinsa uku to ka haƙura da wannan fannin. Yayin diraf ka riƙe takarda kana jimla, hom ron nawa na tara, sata nawa, don kada ka farka a zagaye na goma sha biyar ka ga ba ka da mai gudu ko ɗaya. Maganar sata ma ta canja tun 2023 da MLB ta kawo agogon jifa, ta ƙara girman bes daga inci 15 zuwa 18, ta kuma taƙaita sau nawa mai jifa zai waiwaya ya tsare mai gudu. Satar bes ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023. Ma'ana yanzu ba sai ka sayi mutum don gudu kaɗai ba, gara ka tara goma sha biyar nan ashirin can daga mutanen da ke ba ka sauran abubuwa. Esteury Ruiz ya saci 67 a 2023 da hom ron 5, farkon 2024 Oakland ta mayar da shi ƙaramin lig, duk wanda ya ɗora satarsa gaba ɗaya a kansa ya shiga uku.

Masu rufe wasa, waɗanda ke kawo sef, kada ka kashe babban zaɓi a kansu. Aikin na koci ne, shi ke bayarwa shi ke karɓewa, Devin Williams da Yankees suka ɗauko takanas don wannan aikin kafin Afrilun 2025 ya ƙare an karɓe masa. Edwin Díaz kuma wajen murnar nasara a gasar ƙasashe ta Maris 2023 ya ji rauni a gwiwa, bai buga kakar ba gaba ɗaya. Ɗauki guda mai tabbas a tsakiyar diraf, wani guda can gaba, sauran za ka tsinta cikin kaka in idonka na buɗe. Mai cafe ƙwallo ma haka, in gurbi ɗaya ne a lig ɗinku ka jira, suna yawan hutu saboda wahalar tsugunno. Na san za ka ce ai Cal Raleigh ya yi hom ron 60 a 2025, gaskiya ne, amma ba a taɓa yin haka a wannan gurbin ba a tarihi, kuma wanda ya ci ribar shi ne wanda ya same shi da araha kafin ya yi, kai yanzu farashin bayan wannan bajintar za ka biya.

Ba sai ka yi hasashen kowane ɗan wasa da kanka ba. Shiga FanGraphs, akwai hasashen Steamer da ZiPS da ATC kyauta, ka ɗauki ɗaya ka kwatanta da matsayin da mutane ke ɗaukar kowa a Yahoo, inda ka ga hasashe ya ɗaga mutum amma jama'a na barinsa ya sauko, nan ribarka take. Zagaye biyar na ƙarshe kuma ka saki jiki, ɗauki matasa da masu dawowa daga rauni waɗanda in abin ya yi kyau zai yi kyau sosai, don yawancin waɗannan guraben za ka canja su kafin Mayu ko yaya. In gwanjo za ku yi maimakon jerin maciji, dala 260 na wasa ake ba kowa, ka ware wajen kashi biyu cikin uku ga masu bugu, ka bar 'yan canji na ƙarshe.

To an gama diraf, yanzu aikin ya fara. Abu mafi wuya shi ne haƙuri da manya da rashin tausayi ga 'yan ƙasan jeri, kuma sabbi suna juya abin, su yar da babban ɗan wasa don ya yi sati uku ba ya ci, su kuma rungume wani da suka ɗauka a zagaye na ashirin don suna jin kunyar sakinsa. Aaron Judge ya gama Afrilun 2024 da AVG .207, mutane na ta surutu, ya ƙare kakar da .322 da hom ron 58 da RBI 144. Wata guda a besbol ba komai ba ne. In ɗan wasanka ya yi sanyi shiga Baseball Savant, shafin MLB ne na kyauta, ka duba ko har yanzu yana dukan ƙwallo da ƙarfi, duk bugun da ya fita da gudun mil 95 a awa ko fiye shi suke ƙirgawa mai ƙarfi, ka duba ko K ɗinsa ya ƙaru fiye da yadda ya saba. Akwai kuma BABIP, wato cikin ƙwallayen da ya buga suka faɗa cikin fili nawa suka zama nasara, matsakaicin lig na yawo kusa da .290 zuwa .300, in nasa ya faɗo .220 alhali yana duka da ƙarfi to ƙwallon ce ke tafiya hannun mutane, ka riƙe shi, in ma na wani ne ka je ka saye shi yanzu da mai shi ke cikin fushi. In kuma ka ga wani da ba a san shi ba yana .400 a BABIP kada ka ruɗe, zai sauko.

Kasuwar 'yan wasan da ba su da mai su ita ce inda ake cin lig a gaskiya. Wasu lig na bin layi, wanda ke gaba a layin shi ke samun ɗan wasan, wasu na ba ka kuɗin wasa, sau da yawa dala 100, ku yi tayi a ɓoye wanda ya fi ya ɗauka. Kada ka ƙone shi duka a Afrilu, amma kada ka riƙe shi kamar gado, ɗan wasan da ka samu a Mayu wata biyar zai yi maka aiki, na Agusta wata biyu. Abin da nake bi shi ne canjin aiki, wane aka mayar farkon jeri, wane aka ba rufe wasa, wane ya samu gurbi saboda wani ya ji rauni. Matasan da ake haurowa da su daga ƙaramin lig kuma ka gwada amma da taka-tsantsan, Skenes ya zo a Mayun 2024 ya zama abin tsoro nan take, Jackson Holliday da ake cewa ya fi kowane matashi ya zo a Afrilun shekarar ya buga biyu cikin 34 aka mayar da shi.

Akwai dabarar ɗaukar mai jifa na rana ɗaya, ka ɗauke shi don wasan da zai yi da ƙungiya mai rauni gobe ka sake shi. Tana tara K da W sosai, musamman a na karo da juna, amma tana da dafi. Mutum ya ba da ron 7 cikin inin 3, ERA ɗinsa na ranar 21 kenan, a sati guda wannan kaɗai ya kashe maka fanni biyu. Ka duba filin da za a buga, Coors Field na Denver yana kan tudu wajen mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa kuma jifa ba ya lanƙwasa yadda ya kamata, mai jifa matsakaici ba na saka shi a can ko da wa zai kara, masu bugu kuwa in za su je can har na benci nake tayarwa.

Musaya kuma da tebur ake yinta. Duba kowane fanni ka ga tazarar da ke tsakaninka da na sama da kai da na ƙasa, in ka ba na biyu ratar hom ron 30 to waɗannan talatin ɗin ba sa ƙara maka ko maki ɗaya, sayar da mai hom ron ka karɓo mai sata in a can mutum uku ne suka fi ka da 'yar tazara. Ko sunan wanda ka bayar ya fi girma ba komai. Ka kuma turo tayin da kai ma za ka iya karɓa in kai ne a can, abokanka ne, in ka raina musu hankali sau ɗaya sun daina buɗe saƙonka. Ƙarshen Yuli ka zuba ido, lokacin ne ƙungiyoyin MLB ke rufe cinikinsu, masu rufe wasa na ƙananan ƙungiyoyi kan koma manya su zama mataimaka, wasu sabbi su gaji kujerarsu, sef na kyauta kenan ga wanda ya riga kowa gani. A Satumba kuma ƙungiyoyi na rage wa matasan masu jifa aiki, waɗanda suka riga suka tsallake zuwa wasannin neman kofi na hutar da manyansu, a nan ba sauran maganar haƙuri, duk wanda ba ya shiga fili ka sake shi.

Tunda kai a Najeriya kake, agogo ma abokin karawarka ne. Awa biyar ce tsakaninmu da New York a lokacin kaka, wasan ƙarfe 7 na yammarsu sha biyun darenmu ne, na Los Angeles kuma wajen uku na dare. Amma akwai wasannin rana da ke farawa ƙarfe 1 nasu, shidan yammarmu kenan, ranar Lahadi kusan duka haka ne, kuma da zarar wasan mutum ya fara gurbinsa ya kulle. Ka saba da dubawa sau biyu, bayan la'asar ka saita, bayan isha ka sake leƙawa ka ga wanda koci ya ajiye. Yahoo na da maɓallin da ke shigar maka da duk masu wasa a ranar, yi amfani da shi ka cike sati gaba ɗaya tun Litinin, sai ka riƙa gyara. Litinin da Alhamis ƙungiyoyi da yawa na hutu, ranakun ne bencinka zai yi maka rana, shi ya sa ɗan wasan da ya cancanci gurbi biyu ko uku yake da daraja fiye da lambobinsa. Wanda ya ji rauni kuma kai shi gurbin masu rauni nan take ka ɗauko wani, kada ya zauna yana cin wuri.

In lig ɗin naku na kyauta ne alhamdulillahi, haka na fi so. In kuwa kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, to wannan magana ce ta caca, ka tambayi malamai kafin ka sa hannu, wasan bai rage daɗi ba don babu kuɗi a ciki.

Kafin ranar, shiga diraf na gwaji a Yahoo sau biyu ko uku, kyauta ne, ka saba da agogon don sakanni ƙalilan ake ba ka ka zaɓa kuma hannu na rawa a karon farko. Ka kuma jera sunayen da kake so a jerinka tun da rana, ka cire masu dogon rauni daga ciki, saboda abokanka na Amurka da yamma za su sa lokacin, kai kuma tsakar dare ne, in netwok ya ɗauke ko caji ya ƙare kwamfuta ce za ta zaɓar maka, kuma daga jerin da ka bar mata za ta ɗauka.